Fim Ɗin One Direction Da Lissafin Kasuwar Shanu Ta Potiskum

Duk ranar Laraba, yayin da tireloli ke lodin shanu zuwa Legas da sauran garuruwan kudu daga Kasuwar Shanu ta Potiskum, akwai wani ciniki da ke gudana a gefe wanda ba ya shiga littafin kowa. Wato na samarin nan masu tura waƙoƙi da finafinai daga kwamfuta zuwa waya. A rumfar ɗayansu na ci karo da "This Is Us", fim ɗin wasan mawaƙan One Direction na 2013, an cusa shi tsakanin finafinan Indiya da waƙoƙin Hamisu Breaker.

Samari biyar ne, huɗu daga Ingila ɗaya daga Ayalan, waɗanda aka haɗa a gasar talabijin ta X Factor a 2010. Aka ɗauki wasansu a zauren O2 na London, aka haɗa da hirarrakinsu da na iyayensu. A matsayin fim, gaskiya ba shi da nauyi. Morgan Spurlock, wanda ya yi suna a 2004 saboda ƙure kamfanin McDonald's, a nan bai yi wa yaran wata tambaya mai tsauri ba. Talla ce zalla, sai dai talla ce da mai kallo ke biyan kuɗi don ya gani. An kashe kimanin dala miliyan 10, aka samu fiye da miliyan 60 a gidajen sinima.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga mahauci. Idan aka yanka sa, nama da fata da ƙaho da ƙashi kowanne da mai sayensa. Haka Turawan nan suka yi da wasan dare guda: sun sayar da tikitin shiga, sun sayar da hotonsa a sinima, sannan faifai da riguna suka biyo baya.

Mu kuwa fa? Mawaƙanmu matasa kan cika fili da Sallah, amma da an tashi ciniki ya ƙare. Abin da ke saura shi ne hoton waya mai rawa da muryar da ba ta fita. Matsalar ta daɗe. A zamanin kaset, mai shirya fim a Kano kwalin kaset yake bugawa ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su yi ta kwafa. Da turi ya zo, ko kuɗin kwalin ma ya ɓace. A kara, dillali la'adarsa kawai yake karɓa, kuɗin sa na mai sa ne. A kasuwar waƙa dillali ke tafiya da duka.

Ban ga laifin masu turi ba, domin su ne suka kai haja inda babu sinima. Abin da ya kamata shi ne mawaƙa su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyinsu kan wani kaso sananne, kuma masu jari su ɗauki nauyin ɗaukar wasa da na'urori masu kyau, a sa shi a YouTube da tallar kamfanoni a ciki.

Sai dai mai zuba kuɗi ya lura da wa'adi. Zayn Malik ya fice daga One Direction a 2015, sauran suka dakatar da aiki tare a 2016, shekara uku kacal bayan fim ɗin. Don haka jarin mawaƙan matasa ya fi kama da kiwon ragon layya bisa ga tara garke, kuma yarjejeniyar da ba za ta maido da uwar kuɗi cikin shekara guda ba, ni dai ba zan ba ɗan kasuwa shawarar sa hannu a kanta ba.