Allah Zai Tanada, Amma ta Hannun Wa?

Duk wanda ya raɗa wa unguwar nan ta Jos suna Tudun Wada, fata ya yi mata. Tudu kam akwai shi, ga duwatsu ko'ina har sun matse gidaje. Wada ce dai har yau ake jira. Majami'u kuwa sun wadata, domin da wuya mutum ya ratsa layi biyu ranar Lahadi bai ji lasifika tana shelar cewa Allah zai tanada ba. Mu da aka raina cikin wannan bangaskiya ba mu musun maganar, da ita iyayenmu suka yi noma, da ita suka binne 'ya'ya. Rigimarmu da masu cinikinta ce.

Masu cinikin nan iri biyu ne. Na farko shi ne mai wa'azin da ya mayar da Ubangiji tamkar banki. A bakinsa baiko ya zama "shuka iri": sa dubu a ambulan, ka girbi dubu ɗari. Wannan koyarwa baƙuwa ce. Daga Amurka ta taso, a bakin irin su Oral Roberts, ta sauka Binin ta hannun Benson Idahosa, sa'an nan ta hauro Filato sanye da kwat. Idan gwauruwa ta zuba kuɗin cefanenta ba ta ga girbi ba, sai a ce bangaskiyarta ce ta yi rauni, watau an karɓe mata kuɗi, an kuma ɗora mata laifi. Na biyu ya fi kunya, amma bai fi tausayi ba. Shi ne ɗan'uwan da maƙwabci zai zo masa da takardar asibiti, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah zai tanada," alhali hannunsa ɗaya yana aljihu yana danne walat.

To, a buɗe Littafi Mai Tsarki mana, tunda yana hannunmu da Hausa tun 1932. Masu ambulan ba su da labarin da suke so kamar na gwauruwar da ta jefa 'yan tagulla biyu a ma'ajin Haikali, cikin Markus sura 12. Abin da ba su karanta wa jama'a shi ne ayoyin da ke gaban labarin kaɗan, inda Yesu Almasihu ya tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Sura ɗaya ce, shafi ɗaya. Wanda ya tsallake tsawatarwar ya kama labarin tagulla, ya san abin da yake ɓoyewa.

Haka kuma idan aka bi labaran tanadin Allah, sau da yawa sai a tarar da hannun mutum a ciki. Rut ta ci abinci a Baitalami domin Attaura ta hana mai gona ya girbe gefen gonarsa, Bo'aza kuma ya kiyaye dokar har ya ƙara. Mutum 5,000 sun ƙoshi a jeji, amma sai da wani yaro ya miƙa gurasarsa biyar da kifi biyu, kuma almajirai ne suka raba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafin ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su kira taron addu'ar dare ba. Mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu aikin. Wasiƙar Yakubu ma ta ambaci mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai, ta kuma kira irin bangaskiyarsa matacciya.

Ba sai mun je Urushalima neman misali ba. Mishan ɗin SUM ta buɗe asibitin Vom a 1922, ta kafa makarantar makafi a Gindiri a 1953. SIM ta buɗe asibitin da jama'a suka sani da Jankwano a 1959, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, inda matan da yoyon fitsari ya raba da mazajensu ke samun ɗinki, Musulma da Kirista. Turawan mishan suna da nasu laifuffukan, tarihi bai rufe su ba, amma gini suka bari, ba ambulan ba. Zumuntar Mata kuwa, wadda ba a cika ba ta bagade ba, ita ce ke tara mudun masara da acca ta kai gidan rasuwa tun kafin dattawa su gama shawarar wanda zai yi addu'ar buɗewa.

Su wane ne mabukatan da ake tatsa? Ai mun san su. Akwai 'yan kasuwar da gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002 ta mayar 'yan tebur. Akwai matan da rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 suka mayar gwauraye, da iyalan da suka bar unguwannin da aka haife su suka cunkushe a ɗaki guda, domin garin ya rabu bisa addini. Akwai waɗanda suka tsero daga ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023 suka raɓe wurin dangi. A kan duk wannan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mace mai fasa dutse da guduma tana sayar da tsakuwa, ita za a ce wa ta shuka iri?

Za a ce mana ikilisiya ba gwamnati ba ce. Gaskiya ne, ruwan famfo da tsaron rai hakkin hukuma ne, kuma ba mu yafe mata ba. Sai dai ikilisiyar da ta iya sayen janareta da tayil da mota ga fasto ba za ta ce kuɗin makarantar marayu goma ya gagare ta ba. Za a kuma ce muna tona asirin gida a gaban maƙwabta. Maƙwabtan sun riga sun gani, wani ma ya riga mu aikin: a Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon mahara. Bai tambayi kowa nawa ya shuka ba.

Saboda haka muna kira ga dattawan majami'un Tudun Wada, manya da ƙanana: a keɓe kaso sananne na baiko domin gwauraye da marayu da marasa lafiya, a rubuta shi a kundi, ma'aji ya tashi ya karanta shiga da fita a gaban jama'a duk bayan wata uku, matan zumunta su zauna cikin kwamitin rabo tunda su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba. A kuma daina kiran sunayen masu baiko da lasifika. Baƙon mai wa'azin da ya zo da ambulan kuwa, kafin a miƙa masa makirufo, a buɗe masa Markus sura 12 ya karanta wa jama'a tun daga aya ta 38.