Kada a kai tsohuwar ordinater wurin ƴan gwangwan tukuna

Jama'ar Gaya da kewaye, na Tanda, Bengu da Tunuga, da ƴan uwa na ƙetaren gada a Malanbil da na Kamba da ke bin wannan shafi.

Yau maganata kan kwamfuta ce, ordinater ɗin nan babba ta kan tebur da ke cikin shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshinmu. Ɗan wana yana da irin wannan shago. Injinsa tsohuwar Dell ce da aka kawo mishi daga Kwatano tun ana wucewa gada ba fargaba, kuma Windows 7 ke cikinta. Kwanaki wani ya kawo mishi takardu cikin kile USB, yana sokawa sai duk fayilolin suka koma gajerun alamomi marasa buɗuwa, injin kuma ya kama nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin siminti. Mai gyara ya duba ya ce: «Wannan ta gama aiki, sai sabuwa.» Yaron ya zo mini ido ya yi ja, ya ce: «Baba, a wannan marra ina zan samu kuɗin sabuwa?»

Gaskiyarsa. Kowa ya san yadda garin nan ya koma tun da aka rufe gada a 2023. Kamiyoyin da ke jeruwa suna jiran duwan, su ne ke kawo masu buga takarda da masu foto-kofi. Ciniki ya ja baya, kayan da ke shigowa daga tashar jirgin ruwan Kwatano kuma sun yi wuya. A irin wannan hali, ce wa mutum ya jefar da injin da ke kunnuwa lafiya lau rashin tausayi ne.

Ga abin da yawancin masu gyara ba su faɗa. Injin dabam, tsarin da ke tafiyar da shi dabam. Ƙarfen Dell ɗin nan lafiyarsa ƙalau, Windows ɗin cikinsa ne ya tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun watan Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista ta musamman. Daina kula na nufin in an gano wata kafa da ɓarayi ko birus ke shiga, ba mai toshe ta. Shi kuma Windows 11 yana da sharuɗɗa: yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar inji ta wajen 2017 zuwa sama. Mafi yawan injinan da ke shagunanmu sun girmi haka.

To me muke yi? Mu kai wa mai gyara, ya zuba mana Windows na sata, wanda ba wanda ya san abin da aka cusa cikinsa, bayan wata uku mu koma a sake wankewa, mu sake biya. Kuma cikin injinan nan ne ake buga takardar haihuwa, kwafin katin ɗan ƙasa, takardar sayen fili. Sirrin mutane ne fa, amana ce.

Ni shawarata, a gwada Linux. Tsari ne kamar Windows, amma kyauta ne, halal, ba sata ba. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, yanzu dubban mutane a duniya ke aikinsa. Wanda zai ce baƙon abu ne, ya duba aljihunsa: duk wayar Android a kan Linux aka gina ta. Yana da iri-iri. Akwai Ubuntu da wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ƙaddamar a 2004. Akwai Linux Mint, wanda fuskarsa ta yi kama da ta Windows har mutum ba zai ɓace ba. Akwai kuma Emmabuntüs, wanda wasu masu aikin sa kai a Faransa suka haɗa musamman don raya tsofaffin injina, kuma da shi aka buɗe ɗakunan koyon kwamfuta a makarantun arewacin Togo. Togo fa, nan kusa, masu ƙura da zafi irin namu. Jandarmomin Faransa ma sun daɗe da komawa wani nau'in Ubuntu a ofisoshinsu.

Mint muka sa wa ɗan wana, mai sauƙin nauyi da ake kira Xfce, wanda ke iya tashi da giga 2 na RAM, in an samu 4 kuwa ya fi sakewa. Kafin komai, mun kwashe duk takardun mutane muka aje a wani faifai dabam, don zuba sabon tsari yana iya share komai. Wannan matakin kada wanda ya tsallake shi, ko da mai gyara ya ce ba komai. Sannan muka sauko da tsarin daga intanet, wajen giga 3, wanda shi ne kawai kuɗin da ya ci mu, muka ɗora shi kan kile mai giga 8. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya tayar da injin daga kan kile ɗin a gwada komai, a ga ko sauti na fita, ko na'urar buga takarda na amsawa, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. In bai yi maka ba, ka zare kile, injinka na nan yadda ka bar shi. Sai da muka gamsu muka zuba. Ku lura da kuran, in babu ondiler ku zaɓi lokacin da ba a cika ɗaukewa ba, don yankewa a tsakiyar aiki na sa a faro daga farko. Mun kuma buɗe akwatin muka hure ƙura, kai ka ce buhun gero aka zazzage ciki.

Ba zan ce muku babu wahala ba. Word da Excel ba su ciki, LibreOffice ke madadinsu. Yana buɗe takardunsu yana kuma ajewa da irin sigarsu, amma wani lokaci layi kan goce ko tebur ya karkace, sai an gyara. Mai aikin katin biki da alluna da Photoshop ko CorelDraw, waɗannan ba su da na Linux, shi kam ya tsaya inda yake, ko ya raba faifan biyu ya riƙe duka. Wanda aikinsa ya rataya kan wata manhaja ta ofis, ta lissafi ko ta fiton kaya, ya tambayi masu ita kafin ya taɓa komai. Na'urorin HP galibi suna kamawa nan take, wasu tsofaffin Canon kuwa sai an sha fama. Kuma kada a ce Linux ba ya kamuwa da komai. Birus ɗin Windows da ke yawo cikin kile dai ba ya aiki a kansa, amma wanda ya ba ɗan damfara lambar sirrinsa, ba tsarin da zai cece shi.

Babbar matsalar ma ba injin ba ce, hannu ne. Masu gyaranmu Windows suka sani, kuma na fahimci wanda ke tsoron in inji ya daina lalacewa abincinsa zai ragu. Ni ina ganin akasin haka. Makarantu nawa ke da injina jibge a lungu an rufe da tabarma? Matashin da ya iya tayar da su, shi za a riƙa nema daga nan har Doso. Ina roƙon malaman da ke koyar da kwamfuta a garin nan su ware ko da yini ɗaya su nuna wa yara yadda ake yi. Kile ɗaya ya isa injina ɗari, kuma ba laifi ba ne a kwafa a ba wani.

Ɗan wana ya yi mako guda yana ƙunƙuni, yana neman maɓallai inda ya saba ganinsu. Jiya na biya ta shagon na tarar yana buga wa wata baiwar Allah takardar neman aiki, ko kallona bai yi ba sai da ya gama. Wanda ke son ganin yadda abin yake kafin ya yanke shawara, ya rubuta a ƙasa, kile ɗin na wurina.