Zafin da man gashi ke yi a kai ƙuna ce, ba alamar yana aiki ba

A shagunan gyaran gashi, musamman a makon sallah ko ana gobe biki, akwai maganar da ta zama kamar doka. Idan aka shafa wa mace man miƙar da gashi ta ce kanta na zafi, sai a ce ta ƙara haƙuri, ai yanzu ya fara aiki. Wata har fifita ake yi mata don ta jure mintunan ƙarshe. Bayan kwana biyu kan ya yi ɓawo, gashi ya manne da ruwan ciwo, a ce haka yake yi wa kowa.

Ya kamata a daina wannan magana. Man miƙar da gashi da yawa na ɗauke da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Aikinta shi ne ta karya ƙarfin silin gashi don ya miƙe, kuma ba ta bambance gashi da fata. Wanda aka rubuta wa cewa babu soda a ciki, har da na yara, shi ma yana da sinadari mai kaifi. Shi ya sa ake gargaɗin kada a shafa shi a kan da aka sosa ko mai ciwo, a taɓa sabon tofo kawai, kuma a bar aƙalla makonni 6 zuwa 8 kafin a sake. Da zarar fata ta fara zafi, a wanke nan take da ruwa mai yawa, ko da gashin bai kwanta ba. Ƙunar da ta yi zurfi na iya barin tabo, kuma gashi ba ya sake fitowa a kan tabo.

Matsalar baƙin dayis daban ce, kuma ta fi yaudara. Yawancinsa na da sinadarin PPD, wanda jikin wasu ke ƙi. Mutum na iya shekaru yana shafawa lafiya lau, rana ɗaya jikinsa ya juya masa baya. Ba ya nunawa nan take: sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi ya taso, kunnuwa da ƙeya su yi ƙuraje, wani lokaci fatar ido ta kumbura. Idan jiki ya ƙi shi sau ɗaya, galibi ya ƙi shi ke nan har abada. Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 2 cikin 100 a dayis ɗin da aka gama haɗawa, Amurka kuma ba ta amince a sa shi kai tsaye a fata ba. Amma shi ake yawan zubawa a baƙin lallen da ake zana wa amare a hannu. Amaryar da baƙin lalle ya taɓa yi wa ƙuraje, ta yi nesa da baƙin dayis. Maza masu rina gemu don ɓoye furfura su ma maganar ta shafe su.

Gwajin ba shi da tsada: a shafa ɗan dayis a bayan kunne, a jira sa'o'i 48. Mai shagon da ta ce babu lokacin wannan jira, sauri take yi da kan wata.

Sai dai ba kowane ƙaiƙayi ne laifin mai ba. Amosari na da alaƙa da wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kai tana cin maiƙo, don haka lafta man zaitun ko man kwakwa a tsagar kitso kan ƙara masa ƙarfi. Man na gashi ne, ba na fata ba. Ɗaure jiƙaƙƙen gashi a cikin ɗankwali da hijabi lokacin zafi ma yana tayar da shi. Kitson da ya hana mace barci a daren farko, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a goshi, ya yi tsauri, kuma shi ke cinye gashin gaba. Makero a kan yara kuwa sai da maganin sha.

Inda aka fi ɓata lamarin shi ne kemis. Sai a sayo man nan mai haɗi uku a yi ta shafawa. Yakan kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki saboda sinadarin rage kumburi da ke ciki, amma dogon amfani da shi yana sirantar da fata, ya kuma ɓoye ainihin ciwon. Haka haɗin man tsawon gashi da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp cikin roba marar suna, marar lambar NAFDAC: idan ya ɓata kai, babu mai iya faɗin abin da ke ciki.

Wadda kanta ya fara damun ta, ta ajiye duk sabon abin da ta soma shafawa, ta koma wanki da abu marar ƙamshi na 'yan makonni, sannan ta dawo da su ɗaya bayan ɗaya don ta gane mai laifin. Idan kan na fitar da ruwa, ko gashi na zuba wuri guda, sai likitan fata, kuma ta tafi da kwalin man a jakarta. Kumburin fuska ko leɓe da wahalar numfashi bayan rini kuwa ba ya jiran gobe, asibiti za a nufa a lokacin.