Uwargida A Ƙetare: Motar Tako Ta Bakin Layinmu

 

Wata 'yar'uwa da ke shirin biyo mijinta nan Amurka ta rubuto mini tana tambaya, wai idan mutum ya guji nama a abincin waje, shi ke nan ya tsira daga haram? Tambayar nan ta taɓa ni, domin amsarta a jikina na koye ta, a gaban wata motar sayar da abinci da ke bakin layinmu a birnin Houston na jihar Tekzas. Don haka yau zan kai ki wajen motar nan, ki ga abin da ake sayarwa, ki kuma ji inda na yi tuntuɓe.

Tekzas tana iyaka da ƙasar Meziko, hasali ma yankin Meziko ce har zuwa shekarar 1836, shi ya sa abincin mutanen can ya zama abincin gari. Duk unguwar da kika shiga sai kin ga irin motocin nan. Ki ɗauka kamar babbar motar raba biredi ce aka yanka mata taga a gefe, aka sa murhun gas da firij da wurin wanke hannu a ciki. Ana yawan danganta farkon wannan sana'a ga wani ɗan Meziko mai suna Raul Martinez, wanda ya mayar da tsohuwar motar sayar da askirim ɗakin girki a birnin Los Angeles a 1974. Tamu tana tsayawa a harabar wani gidan mai, daga la'asar har dare ya raba. Magina da masu gyaran lambu da ma'aikatan asibiti su ne masu layi, kowa ya karɓi nasa ya ci a tsaye, kamar dai yadda ake yi a teburin mai tsire.

Mai motar wata dattijuwa ce 'yar asalin jihar Puebla, tana aiki da ɗanta. Kowa Senyora yake ce mata, wato uwargida ke nan da harshensu na Sifaniyanci. Babban abin da take sayarwa shi ne tako. Wata 'yar siririyar gurasar masara ce mai faɗin tafin hannu, ana ce mata tortiya. A ɗora mata yankakken nama, a barbaɗa ɗanyar albasa da wani ɗanyen ganye mai ƙamshi da suke kira silantiro, a matsa lemon tsami, a zuba yajin ruwa, ja ko kore, wanda suke kira salsa. Sai a ninke a kai baka da hannu. Loma uku ya ƙare.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne hannun matar nan. Mafi yawan masu irin motar sayo tortiya suke yi a leda, ita kuwa a gabanki take yi. Ta gutsuro ƙulli ta mulmula kamar ƙaramar fura, ta sa tsakanin leda biyu, ta danne da wani ƙarfe mai marfi, ta ɗora a kan faffaɗar tanda ba mai ba ruwa. Ta juya sau biyu, sai ki ga ta kumbura ta cika da tururi. Da na tambayi sunan ƙullin aka ce mini masa, sai da na yi dariya, na ce ashe har nan masa ta biyo ni. A wajensu kalmar tana nufin ƙulli ko kwaɓi ne kawai.

Ƙullin nan yana da sirri. Masara a ƙasarsu aka fara nomanta, shekaru kusan 9,000 da suka wuce, kuma tun zamanin kakanninsu ba sa niƙa ta haka nan. Sai sun tafasa ƙwayar a ruwan toka, ko ruwan wani farin gari na girki da suke kira kal, ta kwana a jiƙe, su wanke ɓawon ya fita, sannan su markaɗa. Wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo ya haɗe, kuma shi ne ke sakin sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara har jiki ya amfana da shi. Ƙasashen da suka karɓi masara suka bar wannan dabara, talakawansu kuma suka dogara da ita kaɗai, sun sha fama da cutar da likitoci ke kira felagara, mai sa fata ta yi baƙi ta tsage, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Kudancin Amurka ma ya yi fama da ita sosai a farkon ƙarni na 20. Ke da ke tuƙa tuwon masara kullum, ki riƙa haɗa wa yara da miyar gyaɗa ko wake ko kifi, domin su ne ke cike wannan giɓi.

A gefen taga kuwa akwai manyan tuluna na gilashi guda uku. Na farko ja wur, suna ce masa hamaika, da na kurɓa sai na ji zoɓo ne tsantsa. Na biyu ruwan tsamiya ne da sukari. Na uku fari, na jiƙaƙƙiyar shinkafa da kirfa, sunansa orchata. Ga kuma gasasshiyar masara da ake shafa wa mayonis da cuku da barkono da lemon tsami. Kin ga dalilin da ya sa zuciyata ta kwanta da wurin, har na saki jiki fiye da yadda ya kamata.

Yarana ne suka fara matsa mini, domin duk 'yan ajinsu suna ci. Na yi lissafi irin na 'yar'uwar nan da ta rubuto, na ce to ba za mu taɓa nama ba. Sai na riƙa sayo mana dafaffen wake da aka dame ya yi laushi kamar fate, da jar shinkafa, da babbar tortiya ta fulawa da take yin ta ita ma da hannu. Duk Juma'a da yamma abincinmu ke nan, har kusan wata biyu, ina ta yaba wa kaina dabara.

Wata rana bayan sallar Juma'a muna hira da wata baiwar Allah 'yar asalin Meziko da ta musulunta. Suna da yawa a garin nan, har wata cibiya ta Musulunci mai koyarwa da Sifaniyanci aka buɗe a Houston a 2016. Ina ba ta labarin waken nan sai ta dube ni ta ce, “Kin tambaya da wane mai aka soya shi?” Na ce wake kuma? Ta ce a girkinsu na gargajiya, irin wannan wake da kitsen alade ake soya shi, kuma da shi ake kwaɓa tortiyar fulawa. Sunansa manteca.

Uwargida, ranar ban iya cin abincin dare ba. Washegari na je tun kafin layi ya taru, na gaishe da Senyora, na tambaye ta ta bakin ɗanta. Ko ɓoyewa ba ta yi ba, ta sunkuya ta ɗago mini farin bokitin da kitsen yake ciki, tana murmushi, domin a ganinta alamar girki mai kyau ke nan. Da ɗan ya gaya mata dalilin tambayata, sai ta dafe ƙirji tana ba ni haƙuri. Na ce mata ba ta da laifi ko kaɗan. Ba ta yaudare ni ba, ni ce ban tambaya ba. Malamar da ke mana karatu ta kwantar mini da hankali cewa wanda ya ci bisa rashin sani ba shi da zunubi, amma ta ƙara da cewa daga ranar da aka sani hukunci ya canja, kuma mai ciyar da iyali ita ya fi kamata ta bincika.

To ga abubuwan da na koya, ki riƙe su da kyau.

Na farko, mai. Kada ki tsaya a kan nama kawai. Ki tambayi wake, da tortiyar fulawa, da wani abinci mai kama da alala da ake turarawa a ɓawon masara, wanda suke kira tamal, domin shi ma da kitsen alade aka saba kwaɓa shi. Shinkafarsu kuma sau da yawa da romon kaza ake dafa ta. Tortiyar masara ta asali ƙulli ne da ruwa, wani lokaci da ɗan gishiri, amma ita ma ki lura ko ana tsoma ta a man nama kafin a miƙo.

Na biyu, sunaye. Ga su yadda za ki gan su a rubuce a jikin mota: puerco da cerdo duk alade ne. Carnitas, chicharrón, chorizo, buche, tocino da jamón, duk daga jikinsa suke. Akwai kuma al pastor, wanda za ki ga an jera nama a tsaye a jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta kamar shawarma. Kamar ba banza ba ce, domin Larabawan da suka yi ƙaura daga yankin Labanan zuwa Meziko, musamman garin Puebla, a farkon ƙarni na 20, su suka kai wannan salon gashi. Daga baya mutanen gari suka maye gurbin naman rago da na alade. Har akwai wanda ake kira tacos árabes, wato takon Larabawa, kuma mafi yawa alade ne. Kada suna ya ruɗe ki.

Na uku, farantin suya. A mafi yawan motocin nan, faranti ɗaya ne na ƙarfe ake soya komai a kai, da cokali ɗaya, da wuƙa ɗaya. Ko kifi kika saya ko ganye, in a nan aka soya, ya sha man abin da ya riga shi.

Na huɗu, giya. Waken da ake kira borrachos da giya ake dafa shi, wasu kuma suna jiƙa naman sa da ita kafin gashi, ko su kwaɓa fulawar suyar kifi da ita.

Na biyar, naman sa da kaza. Maganar yankan da ake yi a mayankan ƙasashen nan malamai sun yi saɓani a kanta. Wannan ki zauna da maigida ku tambayi malamin da kuka amince da shi, ku tsaya a kan matsaya ɗaya, don kada yara su ga Baba yana ci Mama tana hanawa.

Kada ki ɗauka daga ranar na ƙaurace wa motar. Senyora da kanta ta nuna mini cewa tandar da take gasa tortiyar masara daban take, ba abin da ke hawa kanta sai ƙulli. Yanzu nakan sayi dozin biyu masu zafi ta naɗe mini a takarda, da salsa wadda na ga abin da ke cikinta, da gasasshiyar masara, da zoɓo. Nama kuwa daga shagon halal nake sayowa in gasa a gida. Da azumi na aika mata da kunun gyaɗa da ƙosai, ta aiko mini da tambayar yadda ake cire wa wake ɓawo. Yau in yarana suka leƙa tagar, ita ce ke fara ce musu wannan ba naku ba ne.

Shawarata a nan, ki yi tambayarki da sakin fuska, a lokacin da ba cunkoso. Kada ki yatsine fuska ko ki toshe hanci a gaban abincin mutane, sana'arsu ce, da ita suke ciyar da 'ya'yansu. Ki kuma sani akwai motoci da shagunan tako na halal a manyan birane irin su Houston. A Kalifoniya ma, da azumin 2017, Musulmi da maƙwabtansu 'yan asalin Meziko sun fara wani shiri na kai motar takon halal ƙofar masallatai don buɗa-baki.

Ke kuma da ke gida, ga yadda za ki gwada. Ki samu fulawa kofi 2, man gyaɗa cokali 3, gishiri kaɗan, ki kwaɓa da ruwan ɗumi har ya yi laushi ba ya kama hannu. Ki rufe ya huta minti 30, ki raba gida 10, ki murza kowanne ya yi siriri, ki gasa a busasshen kasko, kowane gefe kamar minti ɗaya. Ki riƙa rufe su da tsumma mai tsabta don kada su bushe. Naman sa marar kitse ki jiƙa shi da lemon tsami da tafarnuwa da gishiri da masoro na awa ɗaya, ki gasa a wuta mai ƙarfi, ki yayyanka ƙanana. Sai ki yanka tumatir 3, albasa 1, attaruhu 1, ki matsa lemon tsami ki sa gishiri. In da fiya, ki dame ta ki ajiye a gefe. Ki jera komai a faranti kowa ya haɗa nasa, ga zoɓo mai sanyi a kusa.

'Yar'uwa mai shirin tahowa, kin ji amsarki. Guje wa nama kaɗai bai isa ba, sai kin buɗe baki kin tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Allah ya kawo ku lafiya, ya ciyar da mu da iyalanmu halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.