Wasiƙa Zuwa Ga Makitsa Da Masu Haɗa Man Gashi Na Atonsu

'Ya'yana da ƙannena,

Yabo dai kun cancance shi. Shagunanku sun fi zaurukan da muka yi kitso a ciki tsafta, hannunku na da sauri, kuma da yawanku da wannan sana'a kuke biyan kuɗin makarantar yara. Allah ya ƙara albarka. Amma ba yabo ya sa na rubuto muku ba.

Maganar baƙin radish ce. Tun da bidiyonsa ya fara yawo a TikTok da WhatsApp, kowace mai shago ta koma likitar sanƙo: a gurza, a matse ruwan a tsumma, a shafe fatar kai, a ɗaure da leda a kwana, wai gashi zai tsiro. Kun ma san abin da kuke shafa wa mutane? Saiwa ce ta ƙasashen sanyi, dangin kabeji, bayanta baƙi, cikinta fari fat. Faransawa da Jamusawa suna cinta da hunturu, mutanen Rasha kuma su ƙwaƙule cikinta su zuba zuma, su sha ruwan don tari. Yajin da ke cikinta sinadari ne mai farar wuta, wanda ke tashi da zarar an gurza ta, kuma idan ya daɗe a kan fata cinta yake yi. Raɗaɗin nan da kuke ce wa mace ta daure, wai magani ne ke aiki, fatarta ce ke ƙonewa. An kawo mini wata yarinya ana gab da bikinta, tsakar kanta ta yi jawur, duk ƙuraje masu ruwa, ko mataji ba ta yarda ya taɓa ta. Ba ta daɗe da sa man miƙar da gashi ba, aka zo aka ɗora mata radish a kan fatar da ta riga ta ji jiki.

Gwaggona da ta koya mini kitso a Aboabo ba ta taɓa sa wa mace sabon haɗi a ka ba sai ta ɗiga shi a bayan kunne, ta ce a dawo gobe a gani. Kayan aikinta ba su da yawa: man kaɗanya da ake kawowa daga Tamale da Wa a cikin ƙwarya, sabulun salo wanda maƙwabtanmu Asante ke kira alata samina, man alayyadi, sai lalle. Da hanci take gane man da ya kwana biyu. Mace ta kwantar da kai a cinyarta, ana doka ana hira, har barci ya ɗauke ta. Wa ke barci a wajen kitso yau? Kuma ban taɓa jin ta yi wa kowa alkawarin gashi cikin mako biyu ba, domin gashin ɗan Adam abin da yake ƙaruwa a wata bai wuce kamar santimita 1 ba, kowane irin mai aka shafa.

Sanƙon gaban goshin da kuke sayar da maganinsa ma, wa ya jawo shi? Hannunku ne. Ku kamo 'yan ƙananan gashin gefen kunne, ku ɗaura musu gashin doki mai nauyi, ku ja har girar mace ta ɗaga. Ta koma gida ta sha farasitamol, da ƙyar take kai goshi ƙasa a sujada. Idan aka yi ta maimaita haka, saiwar gashin mutuwa take yi, wurin ya yi sumul, kuma babu radish ko albasa ko chebe na Chadi da zai dawo da ita. Ku cinye mata gaban kai da kitso, sannan ku miƙa mata kwalba ku karɓi sidinta. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne.

Ku yi haƙuri, na san ba dukanku ba ne, kuma na san masu zuwa kitson ne kan ce a matse don ya daɗe. To ku ce ba za ku matse ba. Ku ne kuka san aikin.

Ba ƙyamar maganin gargajiya nake ba. Dokta Oku Ampofo likitan asibiti ne, amma ya zauna da masu maganin gargajiya ya saurare su, har aka kafa cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong-Akuapem a 1975, inda ake gwada abu kafin a ba mutane. Dokar masu maganin gargajiya ta shekarar 2000 tana nan, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ma tana nan. Duk wadda ta ga haɗinta ya isa a zuba a kwalba a sayar, ta kai shi a gwada a ba shi lamba.

Sai yara masu makero. Ƙwayar cutar tana can cikin saiwar gashi, shafe-shafe ba ya kai mata, sai maganin sha na makonni, kuma matajinku yana iya kai ta kan wani yaron. Asibitin Kumasi South yana nan Atonsu Agogo, kusa da ku. Don Allah ku tura iyayensu can, ku wanke mataji da ruwan zafi da sabulu, kuma kitson Sallar bana ku sassauta hannu a gaban goshi.

Wassalam.

Uwarku a sana'a,
Atonsu, Kumasi