Dabinon da Kaka Ya Dasa, Wa Zai Gaje Shi?



Yau zan ɗauko miki labarin wani mutum da sana'arsa ba tamu ba ce. Sunansa Bartolo Mascarello, mutumin garin Barolo a arewacin Italiya, manomin inabi mai matse shi ya yi giya. Kada ki ajiye wayar tukuna. Giya haramun ce, babu ja a kai. Gonarsa da 'yarsa nake so ki duba.

Bartolo ya gaji sana'ar a hannun mahaifinsa Giulio, wanda ya kafa ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gonar duka-duka kimanin hekta 5 ce. A shekarun 1980 zuwa 1990 maƙwabtansa da dama suka rungumi sabon yayi, suna sayo ƙananan ganguna na katako daga Faransa don kayansu su shiga kasuwar waje. Shi kuwa ya ce atafau, yadda ubansa ya koya masa haka zai ci gaba. Aka riƙa kiransa mai taurin kai. Ya mutu a 2005, amma tun yana da rai 'yarsa Maria Teresa ta shiga aikin, ta san kowane lungu na gonar. Har yau gonar tana hannunta, da sunan uban ake sayar da kayan, masu saye kuma rububi suke yi.

To mu a nan Kiyawa da Dutse, abin da ke gabanmu mai kama da wannan shi ne dabino. Duk wanda ya shiga Dutse ya ga yadda itatuwansa suka yi tsiri-tsiri a gindin duwatsu, kuma kin san yadda kasuwar Shuwarin ke cika da shi, musamman in azumi ya ƙarato. Ba banza ba cibiyar bincike ta NIFOR ta kafa reshenta na dabino a Dutse. Namu ma yana da wata baiwa, yakan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, alhali a yawancin ƙasashen Larabawa sau ɗaya ne. Duk da haka buhunan da ake shigowa da su daga Nijar da Aljeriya ne ke cike giɓin kasuwa.

Dabino itace ne mai son haƙuri da sani. Akwai namiji akwai tamata, tamatar ce ke haihuwa, kuma sai an hau an yi mata barbara da furen namijin a daidai kwanakin da nata furen ya buɗe, in ana son nonon ya cika. Aka makara, amfanin wannan zagayen ya tafi. In kika shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, ba kuma za ki gane ba sai bayan shekaru, ranar da suka yi fure. Matan da suka fito ma ba lallai su ɗauko zaƙin uwarsu ba. Mai son irin uwar sak, ɗan da ya tsiro a gindinta yake cirewa ya dasa. Wannan ɗan kuwa a ƙuruciyar itace ya fi fitowa. Da ta tsufa ta yi tsawo sai ta rage, ko ta daina. Wato waccan tsohuwar itaciyar ta bayan gidanku, wadda duk dangi ke aiko a ɗebar musu nata, in ba a dasa 'ya'yanta da wuri ba, ranar da ta faɗi zaƙinta ya bi ta.

Wa ya san duk wannan a gidanku? Yawanci tsoho ɗaya ne. Shi ya san wace ce mai zaƙi, wace ce mai saurin nuna, wane namiji ne furensa ke kamawa. Ba a rubuce yake ba, a kansa yake.

Ga kuma maganar da ba a son yi, rabon gado. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 fili ya yi daraja, dillalai kuma ba sa barci. Mai gida na rasuwa sai ki ji ana cewa a sayar a raba kowa ya huta, ko yayyenki maza su ce, "Ke mace ce, me za ki yi da gona? Karɓi kuɗin rabonki." Shari'a ta ba 'ya mace rabin abin da ɗan'uwanta ya samu, kuma a cikin duk abin da aka bari ne, har da ƙasa da itatuwa. Ba na cewa karɓar kuɗi laifi ne, wata buƙatar ba ta jira. Amma ki yi lissafi kafin ki sa hannu. Kuɗin kan ƙare a biki ɗaya da kayan ɗaki, itacen kuwa yakan kai shekara 100 a tsaye. Wanda ya sare shi ya yanka fuloti, ko ya sake dasawa yau, sai ya jira shekara 4 zuwa 8 kafin ya ga nonon fari.

Kar ki ce ai 'yarki ba za ta hau dabino ba. Ba sai ta hau ba. Tsincewa, shanya, ware mai kyau da na biyu, sanin farashi, riƙe lissafi, duk aiki ne, kuma a nan ribar ta fi ɓuya. In hutun makaranta ya zo, tura yaran, maza da mata, su bi kakansu gona. Wayar nan da ke hannunki ma ta isa: ki sa a ɗauki tsohon yana zagayawa yana faɗin halin kowace itaciya da iyakar gonar. In akwai mai zaƙin da har yanzu take fitar da 'ya'ya a gindi, ki roƙi a cire miki ɗaya, a dasa da sunan autarki.

A gidanku fa, da aka zo rabon gado, itatuwa aka ba ki ko kuɗi? Ina jiran amsarki a ƙasa.