A Ɗage Zaɓe, Amma Kada A Bar Ƙasa Ba Majalisa

Ranar 2 ga watan Yuni, Kotun Ƙolin Sri Lanka ta yi watsi da ƙararrakin da aka shigar gabanta kan zaɓen 'yan majalisar dokokin ƙasar. Alƙalai biyar sun kwashe kwanaki suna sauraron lauyoyi, daga ƙarshe suka ce ba za a ci gaba da shari'ar ba.

Ga yadda aka kai ga haka. Shugaban ƙasar na lokacin, Gotabaya Rajapaksa, ya rusa majalisa ranar 2 ga Maris na 2020, aka sa zaɓe ranar 25 ga Afrilu. Sai korona ta shigo, hukumar zaɓe ta ɗage shi zuwa 20 ga Yuni. 'Yan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka garzaya kotu da buƙatu biyu: a soke ranar 20 ga Yuni saboda annoba, kuma a soke rusa majalisar domin tsofaffin wakilai su koma bakin aiki. Hujjarsu ita ce kundin tsarin mulki ya wajabta sabuwar majalisa ta zauna cikin wata uku da rusa tsohuwar, wa'adin da ya cika a ranar da kotun ta yanke hukunci.

Buƙata ta farko ba wani dogon zance a kanta. Hukumar zaɓen da kanta ta shaida wa kotu cewa 20 ga Yuni ba zai yiwu ba, daga baya ma ta tsayar da 5 ga Agusta. Ni ban ga laifin wannan ba. Rai ya fi ƙuri'a, kuma ba wanda zai so a tara jama'a a layi ana tsakiyar annoba ba tare da shiri ba.

Damuwata tana kan buƙata ta biyu. Daga Maris zuwa Agusta na 2020, ƙasar ta yi wata biyar ba majalisa. A lokacin ana kashe kuɗin gwamnati, ana sa dokar hana fita, ana ba sojoji jagorancin yaƙi da cutar, ba wakilin jama'a ko ɗaya da zai tashi a zauren majalisa ya tambayi minista dalili. Kundin ya ba shugaban ƙasa damar kiran rusasshiyar majalisa idan wani babban lamari na gaggawa ya taso. 'Yan adawa sun roƙe shi, ya ƙi. Kotu kuma ta ƙi sa baki.

To, wa ya ji jiki a wannan giɓi? Ranar 11 ga Afrilu gwamnati ta fitar da doka cewa duk wanda korona ta kashe dole a ƙona gawarsa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya binnewa. Musulmi, waɗanda ba su wuce kashi 10 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, suna ji suna gani ana ƙona 'yan'uwansu, ba wanka ba likkafani ba kabari. Ba na cewa da majalisa na nan da an hana. Amma da an yi muhawara a fili, da an tilasta wa ministar lafiya ta kawo hujjar likitoci, da an san wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi.

Mu da muke zaune a matsayin 'yan tsiraru mun san wannan sarai. Masu rinjaye suna da hanyoyi da yawa na isa ga mai mulki. Mu kuwa sau da yawa kujeru kaɗan ne a majalisa, sai kotu. In an rufe ɗaya, ɗayar kuma ta yi shiru, ina za mu kai kuka?

Ghana da Nijar sun yi zaɓe a watan Disamba na 2020, lokacin da cutar ba ta tafi ba. Idan maganar ɗagewa ta taso, a tambayi mai neman ta abu biyu: wace rana ce tabbatacciya za a yi zaɓen, kuma wa zai sa ido kan gwamnati kafin ranar? Alƙalin da aka kawo wa irin wannan ƙara, ya amsa su duka biyun. Idan babu amsa ta biyu, to ɗagewar ba lafiyar jama'a take karewa ba, mai mulki take sakar wa hannu.